Gina Sabo ko Gyara Tsoho? Tambayoyin Masu Son Zuba Jari a Harkar Gidaje

Duk wanda ya tara 'yan kuɗi a ƙasar nan, ko ɗan kasuwa ne, ko ma'aikacin da ya karɓi garatuti, ko uwargidan da aka raba musu gado, tunaninsa na farko yakan tafi kan ƙasa. Daga nan sai tambayar ta taso: fili zan saya in gina, ko tsohon gida zan nema in gyara? Na yi duka biyun, na ci riba, na kuma sha kashi, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya mutane suke yi mini. Ga su nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Misalan galibi na Kano ne da Kaduna da Zariya, don nan na fi sani.

1. A taƙaice, wanne ya fi?

In kuɗinka ba su kai su ɗauke ka daga harsashi har fenti ba tare da tsayawa ba, tsohon gida mai lafiyayyen gini a cikin unguwar da mutane suke ya fi maka. In kuwa kana da kuɗin kammalawa a hannu, da lokacin tsayawa a kan aiki, da fili mai takarda a inda gari ya doshi, sabon gini ya fi ba ka kwanciyar hankali na tsawon shekaru.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: kango ba ya kawo haya. Gida rabin gini, komai tsadar bulon da ke jikinsa, kuɗi ne a kwance, ruwa yana dukansu, rana tana dukansu. Tsohon gida kuwa, ko da ɗaki biyu ka fara gyarawa, wani zai shiga ya biya. Amma wannan magana tana da sharuɗɗa biyu masu nauyi, lafiyar gini da lafiyar takarda, kuma su ne tambaya ta 4 da ta 7.

2. Wanne ya fi cin kuɗi?

A bisa al'ada gyara ya fi sauƙi, domin abubuwan da suka fi tsada a gini, wato harsashi, bango, linta da rodin da ke ciki, wani ya riga ya biya su da farashin jiya. Sai dai akwai bambancin da mutane ba sa lura da shi. Kuɗin sabon gini yana da yawa amma ana iya lissafa shi: a kirga bulo, a kirga buhunan siminti, a kirga bandir na kwano. Kuɗin gyara kaɗan ne a ido, amma ba ka sanin iyakarsa sai an fara fasawa. Za ka kira kafinta ya canja silin, ya hau sama ya ce maka gara ta cinye katakon rufin gaba ɗaya.

Don haka duk abin da magini ya ƙiyasta maka na gyara, ka ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kansa, kada ka taɓa. A sabon gini ma ka ajiye, amma can abin tsoron tashin farashi ne, kamar yadda ya zo a tambaya ta 9.

3. Me ya sa ake cewa mai sayen tsohon gida wuri yake saya?

Domin gini ana iya sake shi, unguwa ba a ɗauko ta. Tsohon gida a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ko Fagge, ko a Unguwar Rimi ta Kaduna, ya zo da titi, da layin wuta, da makaranta, da asibiti, da maƙwabta, da adaidaita sahu a bakin layi. Waɗannan ba da kuɗinka aka yi su ba, amma su ne suke sa ɗan haya ya biya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa zai yarda ya zauna a tsohon gida kusa da shagonsa, da ya tafi sabon gida a bayan gari inda kuɗin mota zai cinye masa ribar yini. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafin ya ƙara ƙarfi. Nisa ya zama tsada.

Fili a gefen gari shi ma yana da nasa alherin. Waɗanda suka sayi filaye a Rijiyar Zaki da Ɗanbare lokacin da wurin gonaki ne, sabon mazaunin Jami'ar Bayero da faɗaɗar gari sun ɗaga musu daraja. Amma ka lura: abin da ya yi tsada a wurinsu ƙasar ce. Mutum yana iya cin wannan ribar ba tare da ya ɗora bulo ko ɗaya ba, in ban da katanga. Don haka sayen fili a ajiye daban, gina gidan haya a kansa yau daban. Kafin ka gina, ka zaga unguwar da yamma ka ga gidaje nawa ne a rufe ba kowa.

4. Yaya zan gane tsohon gidan da ya cancanci gyara?

Ka je ganinsa da damina, in so samu ne a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Gidan da ka gani a watan Fabrairu bai faɗa maka komai ba. Ka tsaya a waje tukuna ka duba: tsakar gidan ce ta fi titi tudu, ko titi ya haye ta? Tsofaffin gidaje da yawa a cikin gari an yi ta cike layinsu har sun koma cikin rami, ruwan kwata yana komawa ciki. Ka tambayi dattawan layin ko a da kududdufi ne a wurin. A Kano an cike kududdufai da yawa da shara an yi gini a kai, kuma irin wannan ƙasar tana ci gaba da zama shekara da shekaru.

Sannan ka shiga da maginin da ba shi da alaƙa da dillali. Ka sa hannu a ƙasan bango, kamar kamu biyu daga daɓe. In filasta tana marmashewa kamar gari, da fari-farin gishiri a jiki, danshi ne yake hawowa daga ƙasa. Ka ƙwanƙwasa bango da mukulli: lafiyayye yana amsawa da ƙarfi, wanda filastarsa ta saki yana ƙara kamar ƙwarya. Tsaga siririya kamar gashi ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ta fi faɗi a sama, ko wadda ta fito ta ɗaya gefen bangon. Wannan harsashi ne yake motsi. Ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, in suna cijewa gini ya sauka. Ka sa a hau cikin silin da tocila a soki katako da ƙusa. Ka nemi inda sokawe take da inda rijiya take, ka ga nisan da ke tsakaninsu.

Sabon fenti a tsohon gida, musamman wanda aka shafa a ƙasan bango kaɗai, ni gargaɗi nake ɗaukarsa. Na taɓa sayen wani gida da rani, fes da shi, warin fenti bai ma gama fita ba. Ruwan farko da ya sauka da ƙarfi, na shiga ɗakin ƙurya na tarar fentin ya kumburo kamar ƙuna, na sa yatsa ya fashe, ruwa ya biyo bango. Sai da muka sassaƙe filastar ɗakuna uku, muka haƙa magudana ta zagaye gidan. Kuɗin da na yi murnar an rage mini a ciniki, ninkinsu na kashe.

5. Yaushe ne gyara ba ya biya, gara a rushe a sake?

In matsalar a harsashi take, ko bulon kansa ya mutu har kana iya kankare shi da farce, ko rodin da ke cikin kankare ya yi tsatsa ya kumbura yana fasa siminti, to duk kuɗin da ka zuba a kai kwalliya ce a kan ciwo. Haka in lissafin gyara ya haura rabin abin da sabon gini irinsa zai ci, ka tsaya ka sake tunani. A irin wannan yanayi ka yi ciniki da farashin fili, ka kuma cire kuɗin rusau da kwashe ɓaraguzai. Tsofaffin ƙofofin ƙarfe, kwano da katako masu lafiya ana sayar da su, suna rage wani abu.

Wani abu guda: gidajen da aka gina shekaru da dama baya, wasunsu silinsu ko rufinsu na asbestos ne. Ƙurarsa tana illa ga huhu, kuma ciwon ba ya nunawa sai bayan shekaru. Kada a bar leburori su farfasa shi a bushe. A jiƙa, a cire shi a hankali, su rufe hanci da baki.

6. Gidan ƙasa fa, yana da amfani a matsayin jari?

Ina da rauni a kan ginin ƙasa, ba zan ɓoye ba. Ɗakin tubali mai rufin azara ya fi kowane ɗakin bulo sanyi a watan Afrilu, kuma wanda ya shiga Gidan Makama a Kano ya san abin da maginan gargajiya suka iya. Amma ginin ƙasa yana son kulawa duk shekara: a yi yaɓe kafin damina, a share indararo, a tabbata ruwa bai kwanta a soro ba. Ɗan haya ba zai yi maka wannan ba. Ko manyan gine-gine ba su tsira ba: wani ɓangare na Babban Masallacin Zariya, ginin ƙarni na 19, ya rufta a watan Agustan 2023 ana cikin salla, aka rasa rayuka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti a ɗauka an gama. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, ruwa yana shiga ta bayansa ya kasa fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye. In don haya ne, yawanci darajar irin wannan gida tana cikin wurinsa (duba tambaya ta 3), kuma sau da yawa lungun ba ya shigar mota, wanda hakan ke rage masu nema ya kuma ƙara kuɗin dakon kaya.

7. Waɗanne takardu zan nema, kuma shin sun bambanta tsakanin fili da gida?

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake samu haƙƙin zama ne, kuma shaidarsa mafi ƙarfi ita ce takardar da aka fi sani da C of O, wadda galibi shekara 99 ake rubutawa. In za a sayar da wurin da yake da ita, doka ta ce sai da amincewar gwamna. Don haka kada ka tsaya a kan ganin takardar a hannun mai sayarwa. Ka ɗauki lambarta, ka sa lauya ya yi bincike a hukumar filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Nan za ka ga ko sunan ya dace, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai bashin harajin ƙasa.

Gidaje da yawa a cikin gari da filayen awon igiya ba su da wannan. Abin da ake da shi takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu. Ana saye a haka kullum, amma ka san cewa ƙarfinta bai kai ba, banki ba zai karɓa ba, kuma awon igiya yakan faɗa kan hanya ko filin makaranta a taswirar gwamnati. Ka bi sarƙar cinikin baya har inda za ka iya: wa ya sayar wa wa. Ka tambayi maƙwabta huɗu na gefe, su ne suka san rigimar da ba a rubuta ba. In wurin asalinsa filin jama'a ne da aka yanka, ka tuna rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, wanda ya shafi shagunan filin Idi da ginin tsohon otal ɗin Daula. Gwamnati tana canjawa, ra'ayinta a kan irin waɗannan filaye ma yana canjawa.

Tsohon gida ya fi fili aminci ta fuska ɗaya: wanda ya shekara talatin a ciki kowa ya san shi, da wuya a sayar wa mutum uku kamar yadda ake yi da fuloti. Amma yana da tarkonsa, wato tambaya ta gaba.

8. An kawo mini gidan gado da araha. In saya?

Mafi yawan tsofaffin gidaje masu kyau ta wannan hanya suke fitowa kasuwa, don magada suna son a raba kowa ya kama gabansa. Ba laifi a saya, amma kada ka yi ciniki da babban wa shi kaɗai, ko da shi ne yake riƙe da mukulli. Ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ka san adadin magada, maza da mata, na gida da na nesa, kowa ya sa hannu ko ya wakilta a rubuce. In akwai marayu ƙanana, rabonsu ba ya sayuwa da bakin kawu kawai. A bi ta gaban alƙali. Ka kuma tambaya ko mamacin ya bar bashi ko wasiyya, don su ake fara fitarwa kafin rabo.

Akwai kuma hukuncin shuf'a a fiƙihun Malikiyya: in gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya sayar maka da rabonsa, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya ka kuɗinka ya karɓe. Ka yi tunanin hakan ta faru bayan ka kafa tayil. Wani abokina ya gama gyara tsaf, sai ga wata 'yar mamacin da take aure a wata jiha, ba a ko sanar da ita an sayar ba. Gaskiyarta ce, kuma sai da aka shekara biyu ana zaman sulhu gidan yana kulle.

9. Mene ne babban haɗarin sabon gini?

Lokaci. Gini yana ɗaukar shekara ko biyu, farashi kuwa ba ya jiran kowa. A 2023 ana sayen buhun siminti mai kilo 50 kusan naira 5,000. A farkon 2024 ya haura 10,000 a wurare da yawa. Rodi, kwano, tayil da wayar wuta duk suka bi, bayan an sakar wa kasuwa farashin canjin naira a watan Yunin 2023. Wanda ya fara da lissafin kammalawa ya tsinci kansa a linta kuɗi sun ƙare. Siminti a ƙasar nan ake yin sa, Dangote a Obajana, BUA a Sakkwato, ga Ashaka a Gombe, amma dizal ɗin dako da kayan gyaran injuna suna bin dala.

Maganin da na sani shi ne ka gina daidai ƙarfinka, ka kuma gina a gutsure. Fulat ɗaya kammalalle da ɗan haya a ciki ya fi huɗu a linta. In kuɗi suna hannu, ka sayi abin da ba ya lalacewa tun da wuri: rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kwano, tayil, bulo. Siminti kuwa kada ka tara fiye da na 'yan makonni, yana daskarewa, balle da damina. Ka kuma duba inda ruwa yake bi kafin ka sayi fili. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ba ta bambanta sabon gida da tsoho ba.

10. Sai na nemi izini kafin in gina ko in gyara? Zan iya ɗora bene a kan tsohon gida?

Sabon gini a birni yana buƙatar amincewar hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Fenti, tayil da canja kwano ba su cika buƙata ba, amma ƙara ɗaki, fitar da shaguna ta bakin titi, ko ɗora bene, suna buƙata.

Maganar bene kuwa, ina roƙo a ji tsoron Allah. Harsashin da aka yi don gida marar bene ba a yi shi don ya ɗauki kankare da mutane a sama ba. Kada ka yarda da maginin da ya daki bango da tafin hannu ya ce zai ɗauka. A kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar da take yi wa injiniyoyi rajista, a tona gefen harsashi a gani, in da hali a kafa sababbin ginshiƙai masu nasu tushe. Mutanen Kano ba su manta da benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ba. A bar kankare ya sha ruwa aƙalla mako guda, kuma a san cewa sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da aka lissafa masa.

11. Yaya zan lissafa ribar kowanne?

Ka haɗa duk abin da ya fita daga aljihunka: kuɗin saye, la'adar dillali, lauya, takardu, gyara ko gini. Sannan ka ɗauki hayar shekara, ka cire abin da gyare-gyare da watannin da gida zai zauna ba kowa za su ci. Ga misali, alƙaluman nawa ne don lissafi kawai. Tsohon gida miliyan 30, gyara miliyan 8, sauran kashe-kashe miliyan 2, jimla 40. Haya miliyan 2.4, bayan cire-cire ta koma 2. Kashi 5 cikin 100 ke nan, wato shekara 20 kafin haya kaɗai ta dawo da jarinka. A ɗaya gefen, fili miliyan 8, gini 32, jimla 40 ita ma, amma shekara ɗaya da rabi ba haya, kuma a gefen gari wataƙila hayar ba ta kai ta cikin gari ba. Abin da zai rama maka shi ne shekarun farko ba gyara, da tashin darajar ƙasa in gari ya iso.

Wannan lissafin yana sanyaya gwiwa, na sani. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, don haka haya ita kaɗai ba ta kamo ta. Gaskiyar harkar gida a ƙasar nan ita ce ma'ajiya ce: tana kare dukiya daga narkewar naira, haya kuma ta zama ɗan abin cefane. Wanda yake neman jujjuyawar kuɗi da sauri, kasuwa ta fi masa.

12. Wane gyara ne yake ƙara kuɗin haya, wane ne asara?

Ruwa ne na farko. Gida mai rijiyar burtsatse da tanki ba ya kwana ba mai nema. Sai banɗaki a cikin ɗaki, rufin da ba ya yoyo, mitar wuta ta kati ga kowane ɓangare don a huta da rigimar bil, ƙofar ƙarfe mai ƙwari, da wurin shigar da mota in fili ya bari. Canja tsari ma yana biya: tsohon gida mai ɗakuna takwas a jere da banɗaki ɗaya, in aka mai da shi ciki da falo guda uku, kowanne da kicin da banɗakinsa, ya fi kawo kuɗi da ƙarancin hayaniya. A kusa da makarantu, irin su Samaru a Zariya, ɗaki ɗaya mai banɗaki shi ɗalibai suke nema.

Asara ita ce ado da ya fi ƙarfin unguwa. Silin mai hawa uku da fitilu masu launi a layin da hayarsa ba ta wuce ta malamin firamare ba, kai ka ji daɗinsu ranar da aka kunna, shi ke nan.

13. Gidan da nake so akwai 'yan haya a ciki. Matsala ce?

Tana iya zama alheri, in masu biya ne, don ka sayi gida da kuɗin shigarsa. Amma ka ga rasit ɗin kowa, ka san wa ya biya zuwa yaushe, kuma a rubuta wa zai ci hayar da ta rage. In gyaran yana buƙatar su tashi, ya fi kyau mai sayarwa ya sallame su kafin ka cika kuɗi. A dokokin yawancin jihohi, in ba a yi wata yarjejeniya daban ba, mai biyan shekara wa'adin wata shida ake ba shi, mai biyan wata kuma wata guda, kuma kotu ce kaɗai take fitar da mutum. Cire kwano ko yanke ruwa don a kore su zalunci ne, kuma zai ja maka shari'a. Ka kuma bincika bashin wuta da na ruwa da ke kan gidan, don sabon mai gida ake bi.

14. Zan iya cin bashi in yi wannan harka?

Bashin bankin kasuwanci a yanzu ba ya haɗuwa da gidan haya. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankuna kuma sama da haka suke bayarwa. Ka gwada da kashi 5 na tambaya ta 11. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman rance ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya a kan kashi 6, har zuwa shekara 30, amma an tsara shi ne don gidan zaman mutum, kuma sai da takarda mai ƙarfi.

Ga wanda yake guje wa riba, akwai bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ. Suna bi ta murabaha ko ijara, wato su saya su sayar maka da ribar da aka sani, ko su ba ka haya har ka mallaka. Halaccinsa bai sa ya zama mai araha ba, don haka a nan ma sai ka yi lissafi. Haɗin gwiwa da ɗan'uwa ko aboki yana yiwuwa, amma a rubuta rabon kowa da yadda za a rabu tun ana dariya.

15. Ba na gari. Wanne ya fi sauƙin kulawa daga nesa?

Babu mai sauƙi, amma sabon gini daga nesa ya fi cin mutane. Abin da aka binne a harsashi ba ka ƙara ganinsa: rodi mai kauri ka biya, siriri aka saka, kwaɓin buhu ɗaya aka miƙar ya yi aikin biyu. Masu aiko kuɗi daga Saudiyya ko Legas sun sha ganin hoton ginin da ba nasu ba. In dole ne, ka raba aiki: mai sayen kaya daban, mai gini daban, mai dubawa daban, kuma mai dubawar ka biya shi. Ɗan'uwan da yake yi maka kyauta ba ka iya tuhumarsa.

A sabon gini jinga ta fi, mataki-mataki: harsashi, linta, rufi, filasta, kowanne a duba kafin a biya na gaba. A gyara kuwa jingar dunƙule tana kawo rigima, don ba wanda ya san abin da ke bayan bango (duba tambaya ta 2). A yi jingar kowane aiki bayan an buɗe an gani.

16. Akwai zakka a kan waɗannan gidaje?

Gidan da ka ajiye don haya, ba a fitar da zakka a kan darajarsa. Ana fitarwa ne daga kuɗin hayar, in sun haɗu da sauran kuɗinka sun kai nisabi, shekara kuma ta zagayo a kansu, kashi 2.5 cikin 100. Wanda kuwa yake saye ya gyara don ya sayar, gidan hajar kasuwanci ce. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mai jujjuya haja kullum, wanda zai ƙiyasta darajarta duk shekara ya fitar, da mai ajiyewa yana jiran kasuwa ta yi kyau, wanda zai fitar ta shekara ɗaya ranar da ya sayar. Niyyar da ka yi ranar saye tana da tasiri a hukuncin, don haka ka kai wa malamin da ka amince da shi bayanin yadda ka sayi gidan, da abin da ka nufa da shi, da ranar da kuɗin suka shigo hannunka.